Amsa: Shin gwada 2, 3 da 5 ya isa?

Malam, ka tambaya ko ya isa ɗalibanka na sakandare a Gusau su gwada 2, 3 da 5 kawai wajen neman mafi ƙanƙantar lambar da, ban da 1, ke raba kowace lamba da ta faɗo tsakanin lambobi biyu marasa rabuwa (waɗanda 1 da su kansu ne kawai ke raba su ba saura) masu bin juna. Bai isa ba. Dabarar tana aiki har zuwa 48, amma 49, wadda ke tsakanin 47 da 53, sai an kai ga 7 kafin ta rabu.

Ƙa'idar ita ce, idan aka ninka mafi ƙanƙantar mai rabawar da kanta, sakamakon ba zai wuce lambar da ake bincika ba. A ganina, tazarar 113 zuwa 127 ta fi dacewa da allo, domin lambobi 13 ne a ciki. Bakwai suna rabuwa da 2, 117 da 123 da 3, 115 da 125 kuma da 5. Saura 119, wato 7 sau 17, da 121, wato 11 sau 11. Babu buƙatar gwada 13, tunda 13 sau 13 ya kai 169.