Salsala, Kushewa da "Gani Ya Kori Ji"

Wani mai karatu ya aiko da tambaya: "Malam, ina tattara sunayen kakanninmu daga duwatsun wata ƙaramar makabartar ƙauye. Abin da nake rubutawa salsala ce ko zuri'a? Kuma in dutse ya saɓa da maganar dattawa, ba sai in bi dutsen ba, tunda gani ya kori ji?"

Malam, sannu da ƙoƙari. Salsala daga Larabci take, "silsila", wato sarƙa. Sama take hawa: kai, mahaifinka, kakanka, uban kakanka, kowane suna zobe ɗaya. Zuri'a kuwa gangarowa take yi daga mutum guda zuwa 'ya'ya, jikoki da tattaɓa-kunne. Nasaba ita ce ƙullin da ke tsakanin mutum biyu, dangi kuma su ne suka bazu ta gefe. Tsatso tamu ce ta gado, asalinta ƙugun mutum, shi ya sa ake cewa wane ya fito daga tsatson wane. In daga kanka ka fara kana hawa, salsala kake yi. In wani kaka ka ɗauka kana bin bayansa, zuri'arsa kake lissafawa.

Kabari ma aro ne daga Larabci, jam'insa kaburbura. Kushewa ita ce tsohuwar kalmarmu, jam'i kusheyi, kuma ina jin takaicin yadda take ɓacewa daga bakin yara. Hubbare kabari ne da aka yi wa gini saboda darajar mai shi, kamar na Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, wanda ya rasu a 1817.

To, batun karin maganar. "Gani ya kori ji" tana aiki ne in wanda ya gani ya ga abin da kansa. Mai sassaƙa dutse bai ga haihuwar mamacin ba. Gaya masa aka yi, wani lokaci ma shekaru bayan rasuwar aka kafa dutsen. Ke nan abin da idonka ya gani ji ne da aka sassaƙa. Ranar rasuwa ta fi zama abin dogaro, domin masu ba da ita sun shaida ta. Shekarar haihuwa kuwa sau da yawa kintace ce.

Ga yadda za ka gwada. Tsakanin haihuwar uba da ta ɗa, a matsakaici, kamar shekara 30 zuwa 35 ne. In ka ga tazarar shekara 12, ko ta 80, ka tsaya: ko dai an tsallake zobe, ko takwara ya ruɗe ka, jika da kaka masu suna ɗaya ka haɗa su suka zama mutum guda. In shekarar Hijira ce a jikin dutsen, ka ninka ta da 0.97 ka ƙara 622 don ka sami ta Miladiyya. Misali 1350 za ta ba ka 1931 da ɗoriya, kuma lalle ta faɗo tsakanin 1931 da 1932, domin shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kamar kwana 11.

Idon ma yana cin amana. A dutsen da ya zaizaye, 3 kan koma 8, 1 kan yi kama da 7. Ka je da hantsi ko da la'asar sakaliya, lokacin da haske ke zuwa a karkace ya cika ramin harafi da inuwa. Da rana tsaka rubutun shafewa yake yi. Madubi ma kan karkato hasken. In akwai gansakuka, ruwa zalla da burushi mai laushi sun isa. Kada ka sa burushin ƙarfe ko sinadarin wanki, suna cinye fuskar dutsen, harafin ya tafi ke nan.

Ka kwafe rubutun yadda yake, har da kuskurensa, ka sa alamar tambaya a kan duk harafin da ba ka tabbatar ba. Maganar dattijo ka rubuta ta a shafi dabam, da sunan wanda ya gaya masa. Inda suka saɓa, ka ajiye duka biyun gefe da gefe har ka sami shaida ta uku, kamar takardar gado ko wasiƙa mai kwanan wata.