Amsa: Duwatsun Margalla da asalin sunansu

Malam, ka tambayi sunan duwatsun da ake hangowa bayan Masallacin Faisal a Islamabad, da inda sunan ya samo asali.

Margalla ake ce musu. Gindin tsaunukan Himalaya ne, sun tokare birnin ta arewa, ta gabas kuma suna haɗewa da tuddan Murree. Ƙololuwarsu, Tilla Charouni, ta ɗan haura mita 1,600. Tun 1980 gwamnatin Pakistan ta mai da yankin gandun dajin ƙasa.

Maganar suna kuwa, bakin mutane bai zo ɗaya ba. Wasu suka ce daga Farisanci ne: "mar" maciji, "galla" garke, wato matattarar macizai. Wasu suka ce ma'anarsa yankan wuya, saboda 'yan fashin da suka riƙa tare fatake a da, a mashigin da ke kusa da garin Taxila, inda tsohuwar hanyar ayari daga Peshawar ta ratsa. Ni dai na fi karkata ga ta biyun, don mashigi ne matsattse, kuma a da mai zuwa Rawalpindi, birnin da ke maƙwabtaka da Islamabad, da kaya daga yamma ta nan yake bi.