Tauraron da ya faɗi a ƙasar Gujba

Jikata, saƙonki ya iso bayan isha'i, ƙaninki ya karanta mini shi har sau biyu. Na yi dariya, daga baya kuma jikina ya yi sanyi. Kin ce an koya muku cewa tsakanin duniyoyin Mirrihi da Mushtari akwai duwatsu birjik suna zagaya rana, har kika kawo sunan wani ƙarami a ɓangaren da ya fi kusa da mu, Gaspra, mai tsawon kilomita 18 ko kusa da haka, wanda kumbon Galileo ya ɗauko hotonsa a 1991. Kika ce tunda galibin duwatsun da ke faɗowa duniya daga can suke ɓallowa, don me nake hana ku nuna tauraro da yatsa idan ya tsinke, nake sa ku yin a'uziyya?

Mu da muka tashi a Jekadafari, da bazara a tsakar gida muke kwana. Goggo ce ta koya mana sama: ga Kaza da 'ya'yanta, ga Zara matar wata, ga Gamzaki mai fitowa da asuba. Da haɓa take nuna su. Ranar da na miƙa hannu ta buge shi da mafici, ta ce, "Yatsa na tsaranka ne, ba a nuna abin da ya fi ƙarfinka da shi." Tsofaffi kan ce idan tauraro ya faɗi wani babba ya rasu. Malaminmu na allo ya hana mu wannan magana, ya ce Manzon Allah (SAW) ya faɗa cewa ba don mutuwar wani ko haihuwarsa ake jifa da su ba, shaiɗanu masu satar ji ake kora. Daga nan a'uziyyar ta samo asali a gidanmu.

Dutsen da kike karantawa kuwa, ni na riƙe irinsa a hannuna.

A 1984 ina fataucin wake da ƙaro. Jirgin ƙasa na Maiduguri nake bi daga Gombe in sauka a Buni ta ƙasar Gujba, lokacin ana cikin jihar Borno, ba a yi Yobe ba. Ran 3 ga Afrilu, dab da magariba, muna zaune a kan buhuna, ni ina ƙoƙarin alwala da 'yar buta, sai sama ta haska. Wata wuta ce ta taso daga yamma ta nufi gabas, da hayaƙi a bayanta. Kafin mu gama salati sai ƙara, irin wadda kake ji a ƙirji kafin kunne. Awaki suka tsinke igiya. Wani dattijo da ke kusa da ni bai ko motsa ba, kansa a sunkuye yana ta istigfari, mu samari ne muka yi ta gudu ba mu san inda za mu ba. Har yau in na tuna natsuwar mutumin nan sai in ji Goggo a kunnena.

Bayan kwanaki labari ya zo kasuwa cewa dutse ne ya faɗa wata gona kusa da ƙauyen Bogga Dingare, mutane sun farfasa shi da guduma kowa ya ɗebi rabonsa. Wani maƙeri ya nuna mini nasa a ƙunshe cikin tsumma. Bai kai ƙwan kaza ba, amma nauyinsa ya ba ni mamaki. Bayansa baƙi kamar gindin tukunya, cikinsa kuma ɗigon ƙarfe ne zagaye zagaye kamar an zuba ƙwayar gujjiya. Ya ce in saya, na ƙi, kuɗin wake ne a aljihuna. Na yi nadama. Yau Turawa da sunan Gujba suke kiran dutsen nan a duniya, ku kuma da ke makwabtaka da wurin sai na Gaspra kuka sani.

Ba karatunki nake ƙi ba, ki riƙe shi da kyau, ni ma na ƙaru. Abin da ke damuna, yaran yanzu ba sa ɗaga kai. Ƙannenki ko wuta aka ɗauke, fuskarsu na kan waya, in ka ce su nuna maka Kaza sai su waiga akurki. Wanda bai taɓa kwana yana kallon sama ba, ta yaya zai ji nauyinta har ya ji kunyar miƙa mata yatsa?

A'uziyya dai kada ki bari. Zancen yatsa kuma, idan kin zo hutu ki taho da hoton Gaspra ɗin nan babba yadda idona zai gani. Za a shimfiɗa mana tabarma a tsakar gida, ki nuna mini ta inda yake bi.