'Yata tana aji 10 a Amurka: ta ina za mu fara shirin jami'a da kuɗinta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna zaune a Amurka, kuma 'yata tana aji 10 a sakandare. Tana da ƙoƙari, musamman a kimiyya. Ni da mahaifinta ba a nan muka yi karatu ba, don haka tsarin baƙo ne a wurinmu. Kwanaki na duba shafin wata jami'a, na ga kuɗin shekara ɗaya ya fi abin da muke samu a shekara, sai gabana ya faɗi. Me ya kamata mu fara tun yanzu, kuma yaya masu ƙaramin ƙarfi suke biya? (Wata uwa)

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Ki kwantar da hankalinki game da wancan adadi. Kuɗin da jami'o'in Amurka suke rubutawa a shafinsu kamar farashin farko ne da mai kaya ke faɗa kafin a yi tayi: akwai masu biyan sa cif, amma iyalai da yawa ba sa biya. Abin da ya shafe ki shi ne ragowar bayan an cire tallafin da ba a mayarwa. Dokar tarayya ta wajabta wa duk makarantar da ke cikin tsarin tallafin gwamnati ta ajiye ma'aunin wannan lissafi a shafinta. Ki rubuta sunan jami'a tare da Net Price Calculator a intanet, ki zuba kuɗin shigarku da ajiyarku, zai ba ki ƙiyasi. Ki gwada da makarantu iri-iri. Sau da yawa za ki tarar jami'a mai zaman kanta da ke da tarin dukiya ta fi ta jiharku sauƙi ga mai ƙaramin ƙarfi. Harvard, alal misali, ta sanar cewa tun daga shekarar karatu ta 2025/2026, iyalin da ke samun dala 100,000 ko ƙasa da haka a shekara, kuma ba su da wata babbar kadara, ba za su biya komai ba, har ɗakin kwana da abinci. Shiga irin waɗannan makarantu akwai wuya ƙwarai, ba na ɓoye miki. Amma kada tsada ta hana yarinya mai ƙoƙari nema.

Shawarar da na fi nanatawa ita ce ku zauna ke da mahaifinta ku tsayar da abin da za ku iya fitarwa kowace shekara ba tare da bashi ba, ku kuma faɗa wa yarinyar tun kafin ta ɗora ranta a kan wata makaranta. Jerin makarantun da za ta nema shi ne ke yanke yawan kuɗin da za ku biya, fiye da duk wata ƙaramar kyautar karatu da za ta ci daga wata ƙungiya. Mafi yawan tallafi daga gwamnati da jami'ar kanta yake fitowa. A jerin, lallai a samu aƙalla makaranta ɗaya da kuka tabbata za ta ɗauke ta, kuma aljihunku zai ɗauka.

Ɓangaren karatu kuwa, tun ran gini ran zane. Ana tura takardun neman gurbi a farkon aji 12, wato sakamakon aji 9 zuwa 11 ne jami'a za ta fi gani, kuma na aji 11 ya fi nauyi. Ba maki kaɗai suke dubawa ba, har da nauyin darussan da ta zaɓa daga cikin waɗanda makarantarta ke koyarwa. Tunda kimiyya take so, kada ta saki lissafi ko shekara ɗaya. Ta ɗauki darussan AP, wato darussan matakin jami'a da ake koyarwa a sakandare, daidai ƙarfinta. Ana jarrabawarsu a watan Mayu, makin daga 1 zuwa 5, kuma jami'o'i da dama suna yafe wa wanda ya ci da kyau wasu kwasa-kwasai, wanda hakan ragin kuɗi ne. Ki tambayi mai ba ɗalibai shawara a makarantarsu ko suna da tsarin da ɗan sakandare ke ɗaukar darasin kwaleji tun yanzu, don a jihohi da yawa kyauta ne ko da rangwame.

A watan Oktoba na aji 11 za ta rubuta jarrabawar share fage ta PSAT, wadda ita ce ƙofar gasar kyautar karatu ta National Merit. Sai jarrabawar neman shiga jami'a: SAT, mai maki 1600, ko ACT, mai maki 36. Ɗaya ta isa. Tun lokacin korona a 2020 makarantu da yawa suka daina tilasta su, amma jami'ar MIT ta dawo da sharaɗin a 2022, Dartmouth da Harvard da wasu suka bi sahu a 2024, yayin da Jami'ar Kalifoniya ba ta duba su sam. Ni dai nakan ce a rubuta, daga baya a yanke shawarar turawa ko a'a.

Ayyukan bayan makaranta ba sai sun yi yawa ba. Ɗaya ko biyu da ta daɗe a kai sun wadatar. Kuma idan ita ce ke kula da ƙannenta bayan an tashi, ko tana ɗan aikin albashi, ta rubuta a takardar neman gurbi. Ana lissafa shi.

Yanzu kuɗin. Fom ɗin da komai ya rataya a kansa shi ne FAFSA, fom ɗin neman tallafin karatu na gwamnatin tarayya, wanda a bisa al'ada ake buɗewa ranar 1 ga Oktoba na aji 12. Kyauta ake cike shi, duk wanda ya nemi kuɗi don ya cike muku ki rabu da shi. Ɗan ƙasa da mai katin zama na dindindin da 'yan gudun hijira da aka amince da su sun cancanta, kuma matsayin ɗalibin ake dubawa, ba na iyayensa ba. Ga abin da yawancin iyaye ba su sani ba: fom ɗin yana amfani da takardar harajin shekara biyu baya. Mai shiga jami'a a kakar 2028, harajin 2026 za a duba. A takaice, shekarar da za a auna ku da ita tana farawa ne a watan Janairu na aji 10. Idan kuna da niyyar sayar da wata kadara ko cire kuɗi daga asusun fansho, ku sani zai iya kumbura kuɗin shigarku na wannan shekara ya rage mata tallafi. Ku kuma riƙa shigar da takardun haraji a kan kari.

Daga FAFSA ake samun tallafin Pell, wanda ba a mayarwa. Mafi yawansa dala 7,395 ne a zangon 2024 zuwa 2025. Jihohi ma da FAFSA suke raba nasu tallafin, wasu har sai kuɗin ya ƙare, don haka a cike da wuri. Wasu jami'o'i, galibi masu zaman kansu, suna ƙara neman a cike wani fom mai suna CSS Profile, wanda ya fi bin diddigi, yakan tambayi darajar gidan da kuka mallaka.

Bashin gwamnatin tarayya da ɗalibi ke ci da sunansa yana da iyaka: dala 5,500 a shekarar farko, 6,500 a ta biyu, 7,500 daga ta uku. Wani kaso nasa, ga mabuƙata, gwamnati ce ke ɗaukar kuɗin ruwansa muddin ana karatu. Wanda nake jan kunnen iyaye a kai shi ne Parent PLUS, bashin da gwamnati ke ba iyaye, domin da sunanku ake cin sa, kuɗin ruwansa ya fi yawa, kuma ku za a bi, ko yarinya ta kammala ko ba ta kammala ba. Idan lissafi ya ƙi fita sai da shi, gara ta fara da kwalejin shekara biyu ta yankinku tana kwana a gida, sannan ta koma jami'a ta ƙarasa. Digirin da sunan jami'ar zai fito. Sai dai tun ranar farko a tabbatar jami'ar da ake hari za ta karɓi kwasa-kwasan da ta ɗauka.

Lokacin nema, Common App na buɗewa ranar 1 ga Agusta, fom ɗaya da makarantu fiye da dubu ke karɓa, kuma ana yafe wa marasa ƙarfi kuɗin nema. Ki kula da tsarin da suke kira Early Decision, wato neman gurbi da wuri, mai wa'adi a watan Nuwamba: alkawari ne cewa idan an ɗauke ta za ta je, ta janye sauran. Ana sakin wanda tallafin bai ishe shi ba, amma kun rasa damar jera tayin makarantu ku kwatanta. Ɗaya tsarin neman da wuri, Early Action, ba ya ɗaure kowa, shi ya fi dacewa da ku.

Takardun tayin tallafi sukan iso kafin ƙarshen Maris ko farkon Afrilu, ku kuma wa'adin ba da amsarku ranar 1 ga Mayu ne. Wasu makarantu sukan cakuɗa kyauta da bashi a jeri ɗaya har ya zama kamar an biya muku komai. Ki ware su da biro, ki tambaya ko kyautar ta shekara huɗu ce da kuma makin da ake buƙata don ta ɗore. Idan kuma halinku ya canja bayan shekarar harajin, kamar rasa aiki ko jinya mai tsada, ki rubuta wa ofishin tallafin makarantar tare da takardun shaida, suna da ikon sake lissafi.