Amsa: Me ya sa MiG-15 ya zame wa Amurka ƙarfen ƙafa a yaƙin Koriya?

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda aka yi MiG-15, jirgin saman yaƙi na Tarayyar Sobiyet, ya ba Amurkawa wuya a Koriya, alhali su ake ganin sun yi wa kowa fintinkau. Sirrin yana cikin inji, kuma abin dariya, daga Ingila ya fito. A 1946 gwamnatin Firayim Ministan Birtaniya, Attlee, ta yarda a sayar wa Rashawa injin jirgin sama mai suna Nene na kamfanin Rolls-Royce, su kuwa suka kwance shi suka kwaikwaya.

Da MiG-15 ya bayyana a Nuwamba 1950, ya fi jiragen Amurka saurin lulawa sama. Ga bakin igwa uku a ƙarƙashin hancinsa, ɗaya mai milimita 37, biyu masu 23. Don kakkaɓo manyan jiragen sama masu ruwan bama-bamai aka ƙera shi, shi ya sa bayan ɓarnar da ya yi wa irin waɗannan jiragen na Amurka, wato B-29, a Oktoba 1951 suka koma kai hari sai da dare.

Amma kar mu zuzuta shi fiye da kima. Jirgin yaƙin Amurka F-86 Sabre ya fi shi na'urar saiti nesa ba kusa ba, kuma MiG kan ƙwace wa matuƙinsa idan gudu ya yi yawa.