Kyamarar da za ta ɗauki tsofaffin lens ɗin Baba

Malam, ka ce ka gaji lens ɗin Helios 44-2 da na Pentax daga mahaifinka, kana neman kyamara marar madubi da za ka ɗaura su. Allah ya jiƙan Baba.

In da hali, nemi Sony A7 II ta hannu. Ta fito a 2014, sensarta, wato farantin da ke karɓar haske a madadin fim, daidai take da faɗin fim na milimita 35, don haka Helios ɗinka mai milimita 58 zai ɗauko hoto yadda aka ƙera shi. A Fujifilm mai ƙaramar sensa sai hoton ya matse kamar na lens mai milimita 87, a Olympus kuwa 116. Sony ɗin tana kuma rage rawar hannu, amma kai za ka shigar mata da tsawon lens ɗin, wato milimita 58 ga Helios.

Helios ɗin adaftar M42 yake so, wato zoben da zai haɗa shi da kyamarar, mai murɗawa kamar murfin kwalba. Duba na Pentax da kyau, wasunsu nau'in K ne, adaftarsu daban.

Da hannu za ka murɗa fokas, don haka kunna layin launin da ke nuna inda hoto ya fito tas. Sai dai ranar Hawan Sallah dawakai ba sa jiran mai murɗa fokas. Tsuke ƙofar hasken lens ɗin zuwa f/8 don wurin da zai fito tas ya ƙaru. Kuma lokacin hunturu kada ka canza lens a fili, ƙurar Katsina kan sensa take sauka kai tsaye.