Amsar tambayarka kan tsarabar rediyo

Ɗana na ga saƙonka, lafiya lau muke nan Agege alhamdulillahi. Kana tambaya wai me ya sa a da duk wanda ya zo Ikko neman kuɗi in zai koma gida sai ya riƙo wa tsohonsa rediyo, kuma wai dole sai National, ko gadon kakanni ne. To a'a, al'adar ma ba ta wani tsufa ba, a idonmu ta kafu.

Kamfanin na Japan ne, wani Konosuke Matsushita ya kafa shi a Osaka a 1918, mutumin da tun yana ɗan shekara 9 ya bar makaranta ya shiga koyon sana'a, har yaron shagon keke ya yi. Da soket ɗin ƙwan lantarki ya fara, 1927 ya fito da fitilar keke mai batir ya sa mata suna National, rediyo kuwa sai 1931. Abin da ya sa a gaba shi ne ya ƙera wanda ba ya yawan lalacewa don na zamanin kullum suna wurin mai gyara, kuma wallahi wannan ƙarkon ne ya biyo kayansu har nan. Talabijin sun fara 1952 amma ita ba ruwan ƙauye da ita, ina wutar take?

Mu abin da ya haɗa mu da su batir ne da gajeren zango. BBC ta buɗe sashen Hausa 1957, gidan rediyon Kaduna 1962, ka ga tsoho a ƙauyen da NEPA ba ta san da shi ba yana zaune duniya na zuwa masa. Da aka yi ƙarin albashin ma'aikata na Udoji wajen 1975 kuɗi suka zaga, ɗan dako a Apapa ma sai ya tara ya saya. Ka ga rediyon an ɗinka masa rigar fata da igiyar ratayawa, eriya ta karye a ɗaura waya, batir ya yi sanyi a shanya shi a rana. Kuma fa ba na tsohon shi kaɗai ba ne, bayan isha'i za a ajiye shi kan tabarma a ƙofar gida maƙwabta su taru, kowa ya san ɗan wane ya kawo, shi ya sa ba a miƙa shi a ɗaka, a zaure ake bayarwa gaban mutane da batir a ciki, a kunna a sa albarka.

In za ka saya wa kakanka yanzu, ka sani a 2008 kamfanin ya koma Panasonic ya ajiye sunan National, don haka duk wanda ya nuna maka sabo dal a kwali a kasuwar Alaba ya ce National ne ka yi kaffa-kaffa. Ka duba akwai SW, wato gajeren zango, a jiki, a gwada maka nan take, ka haɗa masa da kwalin batir. Kar ka ba direba saƙo, ka kai da hannunka. Ka gaishe da mutan gida.